Daular Gidan Kardanash

Benahara, cikin duwatsun Albuharra
Farkon watan Afrilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Don Fulhensiyo, magajin garin Benahara, shugaban tudu da kwari, mai gemu da ƙararrawa, zuwa ga dattijo mai daraja Si Tuhami Kardanash, mazaunin Mataro.

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna fata kana lafiya, kai da iyali da gwiwarka ta hagu da aka ce tana damunka in sanyi ya shigo. Mu nan lafiya lau, ciyawa ta fito, jama'ata sun ƙoshi.

Kada ka yi mamakin ganin takardar Nasara da harafin Larabci. Ni ban iya ba. Sai dai Allah ya yi wa garinmu baiwa da wani saurayi, Mufaddal, wanda ya ce kai ne wan mahaifiyarsa. Shi ke rubuta abin da nake faɗa. Yaro ne mai hankali da kunya, ga kyau, har 'yan matan gari suna tuntuɓe in ya wuce. Ya roƙe ni kada a sa wannan a takarda, na ce sai an sa.

Shi ya ba mu labari cewa a duk biki, da zarar an zuba shayi na biyu, kakan miƙe ka sanar da jama'a cewa daga waɗannan duwatsu aka kori kakanninka suka haye teku zuwa garin Titwan, kana ɗaga wani tsohon mabuɗi. Ya ce wasu suna dariya a bayan hannu. To mun bincika. Si Tuhami, gaskiyarka. Daular Kardanash tana nan a garinmu da sunanta. Tsofaffi sun san ta, yara sun san ta. Tana tasowa daga gindin dutse, ta ratsa gonaki har ta sauka kwari, kuma ba mai gona a garin nan da bai taɓa yin faɗa a kanta ba. Shekara ɗari huɗu ba wani Kardanash da ya zo ya leƙa ta.

Ka zo ka gani da idonka, gani ya kori ji. In za ka amsa, ka rubuta sunan Mufaddal a bayan ambulan, don shi ke karɓar takarduna. Ni hannuna ba ya riƙe takarda ta kwana lafiya.

Na buga hatimina a ƙasa.

Don Fulhensiyo


Mataro
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga mai girma Don Fulhensiyo, magajin garin Benahara.

Na gaishe ka gaisuwar manya. Gwiwa da sauƙi, na gode da tambaya. Iyali suna lafiya.

Takardarka ta same ni ranar Juma'a, na tafi da ita masallaci a aljihu. Bayan sallama na karanta wa jama'a. Si Ayyashi mai nama, wanda ya taɓa cewa mabuɗina na ɗakin gawayi ne, ya ce in ba shi ya gani. Na ce ya wanke hannu tukuna.

Na duba hatiminka. Nuhaila 'yata ta ce hoton akuya ne, wai har an rubuta "cuku" a kewaye. Na ce ta rufe mini baki, karatun makarantar Nasara ya lalata mata ido. Manyan gidaje da dabbobi suke yin tambari, wani zaki, wani gaggafa. Kai kuma ka zaɓi abin da ya iya hawan dutse. Na fahimta.

Zan zo a watan Yuni, in Allah ya yarda. Shekara ashirin ina ƙasar nan, daga masaƙa sai gida, daga gida sai masaƙa, ban taɓa ganin kudu ba sai ta tagar mota. Ba na so in faɗo muku daga sama kamar baƙo. So nake in bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda mai gida ke zagaya gonarsa. Ka tsara mini hanya, da wuraren kwana, da maɓuɓɓugan da ya kamata in sha. Ka kuma faɗa mini gida nawa ne a cikin daular. Ka kwantar wa mazauna hankali, ba korar kowa zan yi ba. Mu an kore mu, mun san zafinta.

Game da yaron, yallaɓai, ka sa masa ido. Ɗan ƙanwata ne, amma jinin ubansa ya fi yawa, mutanen dutse ne. Karatun allo kawai ya yi, shi ma malaminsa ya karya sanda uku a kansa. Ya taɓa zuba gishiri a gwangwanin sukari ranar sunan ƙanensa. In ya yi hankali a wurinku, to iskar garinku magani ce.

Si Tuhami Kardanash

Wannan layin na Mufaddal ne, kada ka fassara wa magajin gari. Kai, ka yi wanka kafin ka shiga gabansa. Kada ka ba ni kunya da warin awaki.


Benahara
Ƙarshen Afrilu

Daga Don Fulhensiyo zuwa ga Si Tuhami, magajin daula.

Gaisuwa da fatan alheri. Mun ji daɗin sauƙin gwiwa, don za ta yi aiki. Mu lafiya, sai dai jiya na ci wani abu a bayan coci da bai karɓe ni ba.

Maganar wari kada ta dame ka. A duk garin nan ba wanda ya isa ya yi wa wani gorin wari a gabana.

Ga hanya. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Garnada, daga nan motar safe zuwa Lanharon. Garin maɓuɓɓuga ne, kowane lungu da nasa ruwa. Ka sha duk wanda ka ga dama, ban da mai gishiri. In ka sha shi, to kada ka yi nisa da masauki.

Washegari ka gangara Orhiba. In ka dace da ranar kasuwa ka sayi hular kaba, don jar hularka ba za ta tare maka rana ba. Daga nan hanya hawa ce da lanƙwasa, kamar hanjin tunkiya. Ka zauna gaba, ka riƙe lemon tsami. A Pampaneira ruwa yana bin tsakiyar titi, ka ɗage jallabiya. Akwai masu saƙar darduma, za ka so ka koya musu aiki tunda ka yi masaƙa. Ka daure.

Kusa da Portugos akwai maɓuɓɓuga a ƙarƙashin itatuwan kastana, ta rina duwatsu ja. Ɗanɗanonta kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Kowa sai ya sha, kowa sai ya yamutsa fuska, sannan ya ce wa na bayansa da daɗi.

Sai Trebeles. Nan fa sai ka yi haƙuri da mu. In ka shiga kowane shago ka dubi ƙasa, domin cinyoyin alade ne rataye a rufi, sahu sahu, suna ɗigar mai. Mufaddal ya ce ka buɗe lema a ka, Malikiyya ba ta hana ba. Ka ci kifin rafi da dankali ka fito.

Daga can mota ba ta zuwa wurinmu. Alfadari zai jira ka.

Ka tambayi yawan gidaje. Ba zan ɓata maka daɗin gani ba. Abin da zan ce kawai, daular Kardanash ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kullum gaba take ci.

Saura al'adar garinmu, wadda ba a tsallakewa. Duk baƙon da ya zo ta hannun tafinta, sai ya kawo wa tafintan takalmin fata lamba arba'in da uku, da kwali ɗaya na alkakin Titwan mai gyaɗar almon. Sannan ya tsaya a dandali, gaban jama'a, ya sumbaci kan tafintan ya ce da ƙarfi, "Wannan jinin Kardanash ne, ba gauraye." In ba a yi haka ba tsofaffi ba sa nuna daula. Ni ma na ga abin da nauyi, amma al'ada ce.

Don Fulhensiyo


Mataro
Watan Mayu

Mai girma Don Fulhensiyo,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe ciwon ciki, ka rage ciye-ciye a waje. Hanya ta yi, na sa Nuhaila ta ja mini ita da jan alƙalami a taswira. Takalmi na saya. Maganar sumba zan yi, tunda al'ada ce, amma ka sa a wanke kan.

Ga labari mai daɗi. Ba ni kaɗai zan zo ba. Mahaifiyata, Lalla Rahimu, kakar shi Mufaddal, ta zo daga Titwan tun azumi aka cire mata yanar ido. Shekara shida ba ta gane fuskar mutum sai da murya. Yanzu tana gani har ta ce ashe na tsufa haka ba a faɗa mata ba. Ban yi niyyar gaya mata ba, don ta haura tamanin, zuciyarta kuma likita ya ce a lallaɓa. To ta ji ina karanta takardarka a falo, sai ta ɗaga labule.

Ta ce, "Tuhami, me aka ce tana nan?"

Na ce, "Daularmu, Inna."

Ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta ce, "Ka tambaye shi wace rana ce."

Na ce, "Wace rana kuma? Daula ce, Inna, ƙasa ce da gidaje. Ba ta da rana."

Ta ce, "Kai dai ka tambaya. Kai da ubanka mabuɗi kuka sani."

Ka yi mata uzuri, tsufa ne. Tana da wata ɗabi'a tun muna yara. Duk Alhamis in an yi la'asar sai ta tuɓe takalmi, ta cika bokiti, ta bi tukwanen na'ana'a da ɗoɗɗoya na tsakar gida tana shayar da su, tana cewa "daularmu ta zo." Ko an yi ruwan sama da safe sai ta yi. Wai uwar mijinta ce ta koya mata, ita ma daga tata uwar mijin. Nan Mataro ma, hawa na huɗu, tukunya biyu gare mu a baranda, ba ta fasa ba. Maƙwabcin ƙasa ya gaji da kawo ƙara.

Na ce hanya da wuya, ta ce an buɗe mata ido ne don ta ga wani abu, kuma ba fuskata ba ce. Ta fito da farin mayafinta da ta ajiye don ranar da kowa ya sani, ta ce da shi za ta shiga garin. Ta hana kanta man shanu don ta yi sauƙin ɗauka a alfadari.

Don haka a tanadi alfadari biyu, ɗaya mai sanyin hali. Ka ce wa Mufaddal kakarsa tana gaishe shi. Ta ce a cikin jikokinta shi kaɗai ne bai taɓa yi mata ƙarya ba, sauran mutane yake yi wa.

Si Tuhami


Benahara
Ranar da takardarka ta iso

Si Tuhami,

Gaisuwa. Lafiya lau. A gaida Lalla da kyau da kyau.

Kada ku zo bana. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Gada ta karye a ƙasan Trebeles. Alfadarai duk sun kamu da tari, mai sanyin halin ma ya fara cizo. An ga kerkeci a bayan gari, wasu sun ce biyu. Iskar nan sama siririya ce, ba ta yi wa mai ciwon zuciya kyau ba, likitanmu da kansa ya gudu.

Daular ma, in an bi ta gaskiya, ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ƙarama ce. A wasu shekarun in rani ya yi tsanani ba a ganinta sam. Ba abin da za a ɗauko tsohuwa a kawo ta ba ne.

Ka ce wa Lalla ta ci man shanunta, ta mayar da mayafi akwati. Kai ma ka huta. Al'adar sumba an soke ta jiya. Takalmin kana iya aikowa ta gidan waya.

Ina roƙonka ka amsa da wuri.

Don Fulhensiyo


Mataro
Farkon Yuni

Don Fulhensiyo,

Na gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, ta fi yadda wasu ke so.

Na ƙi amsa maka da wuri da gangan, sai da na huce. Ban huce ba, amma ga amsa.

Ƙanƙara a watan Yuni? Na kai takardarka majalisar bayan masallaci. Si Ayyashi mai nama, wanda yanzu yake kirana "mai daula" yana ƙara mini ƙashi a awo, shi ya fara gane ka. Ya ce, "Si Tuhami, sun ji da gaske za ka zo, ciki ya ɗuri ruwa. Jiya daula tana ratsa gonaki har kwari, yau ta zama ƙarama, gobe za a ce kerkeci ya cinye ta." Kowa ya ce haka ne. Ashe gemu ba ya hana mutum cin amana.

Ina kuma zargin kun saye yaron. Rubutunsa na wannan karon ya karkace, tawada ta ɗiga a wuri uku. Hannun mai gaskiya ba ya rawa.

Saboda haka na bar bin ta hannunsa. Na sa Nuhaila ta rubuta da harshenku, da harafinku, kai tsaye zuwa ofishin magajin gari, da sunanka a sama da manyan baƙaƙe, ta haɗa da kwafin hatiminka don kada ka yi musu. Mun ce a buɗe mana daular Kardanash duka, ko mu zo da lauya.

Na karanta wa Inna maganar kerkeci. Ta ce ta haifi bakwai, ta binne miji, ta yi zama da uwar miji shekara talatin, a kawo kerkecin. Ta kuma ce har yanzu ba ka amsa tambayarta ba.

Mun yanki tikiti. Za mu taso bayan sati biyu, mu bi hanyar da ka tsara, tasha tasha, da lema. Mabuɗi yana wuyana.

Si Tuhami Kardanash


Benahara
Juma'a da safe

Da sunan Allah, wanda ya fi kawuna yafiya.

Zuwa ga Kawu Tuhami da Kaka. Kawu, ka karanta wannan da ƙarfi Kaka ta ji, kuma ka fara ba Nuhaila sandarka ta kai wani ɗaki.

Ina gaishe ku gaisuwar ɗa. Kaka, ya ido, ya ƙarfin jiki? Ni lafiyata ƙalau, ban da kunnena na dama, za ku ji dalili.

Takardar Nuhaila ta iso ranar Litinin. Ina saukowa da awaki na tarar da rabin gari a dandali. Magajin garinmu mace ce, Kawu. Sunanta Donya Enkarna, ita ce mai awakin da nake kiwo, ita ce mai ɗakin cuku. Tana tsaye da takarda a hannu, tabarau a kan hanci.

Ta ce, "Zo nan, ɗan nema. Wane ne magajin garin nan?"

Na ce, "Ke ce, uwar ɗakina."

Ta ce, "To ga wani daga Mataro zai kai Fulhensiyo kotu. Je ka kira shi ya kare kansa."

Ba sai na je ba, yana bayana yana cin igiyar shanyar matar mai burodi. Kawu, Don Fulhensiyo bunsuru ne. Gemun gaskiya ne, ƙararrawar ma gaskiya ce, kuma da gaske takarda ba ta kwana a wurinsa. Hatimin na cuku ne. Nuhaila ta fi mu ido, a ba ta haƙuri.

Mutane suka yi dariya har mai gidan shayi ya zauna a ƙasa. Donya Enkarna ba ta yi ba. Ta kama kunnena ta ce, "Akwai tsohuwa a cikin maganar nan?" Na ce akwai. Ta ce, "Mai ciwon zuciya?" Na ce e. Ta murɗa. Malam ya karya sanda uku bai kai ni inda matar nan ta kai ni da yatsa biyu ba.

Yanzu ga maganar daula. Ban ƙirƙiro ta ba, wallahi. A gidan shayi na ji tsofaffi suna faɗa, wannan yana cewa an ci masa dula, wancan yana cewa dular Kardanash ba ta kai gonarsa ba. Na tambaya, aka ce haka suke kiran rabon ruwa. Ruwan ƙanƙara yana saukowa daga dutse ta magudana, kowace unguwar gonaki da lokacinta, kowane lokaci da tsohon sunansa. Ba gida, ba ƙasa, ba ƙofar da mabuɗi zai shiga. Ruwa ne ake sakar wa wake da dankali na ɗan lokaci, a toshe. Da na ji sai na tuna bikin auren 'yar'uwarmu Samira, da ka nuna ni ga surukai ka ce, "ɗan ƙanwata ne, amma jinin dutse." Na ce bari in sa ka hau dutsen da lema, ka sumbaci kaina, in nuna maka kwata. Iyakar niyyata ke nan. Ban san Kaka za ta ɗaga labule ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga shi ya dake ni.

Tun da takardarka ta Mayu ta zo nake neman dabarar hana ku zuwa. Tambayar Kaka kuma ban kai ta ko'ina ba, don ni ma na ɗauka tsufa ne. Ni makiyayi ne, lokacin ban ruwa ina can sama. Donya Enkarna ce ta ce in fassara mata takardun duka, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye. Da na kai wurin bokiti ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta saki kunnena ta aika a kira Anselmo, tsohon da ke rabon ruwa tun kafin a haife ta.

Ya zo da fartanya a kafaɗa. Ta ce, "Anselmo, ta Kardanash wace rana ce?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunan uwarsa. Ya ce, "Alhamis mana."

Na ce, "Da wane lokaci, baba?"

Ya ce, "In inuwar hasumiyar coci ta taɓa wurin wanki. Kai ba a nan garin kake ba?"

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun da ruwa yake gangarowa. Ka tambayi bunsurunka, tunda shi ne hukuma."

Jiya Alhamis na bar awaki da yaron maƙwabta na zauna a bakin wurin wanki ina kallon inuwa. Agogon Nasara ban yarda da shi ba, sai na kafa sandata a ƙasa na auna yadda Malam ya koya mana. Kaka, lokacin da inuwar hasumiya ta taɓa dutsen wanki, la'asar ta shiga daidai. Anselmo ya tuɓe takalmi, ya ɗaga wani falalen dutse, ruwa ya juyo da gudu yana tura busassun ganye a gabansa. Na'ana'a ce ta fito da kanta a bakin magudanar, tun daga sama har ƙasa. Na tuna ranar da kika bi ni da tsintsiya don na shiga ruwan bokitinki da takalmi. Ban yi kuka ba, ƙura ce, amma Anselmo ya ba ni hankicinsa.

Ga hukuncin da Donya Enkarna ta yanke. Ku zo. Hanyar da na tsara gaskiya ce duka, ban da ƙanƙara, da kerkeci, da gada, da tari. Ba za a ɗora Kaka a alfadari ba, domin motar mai burodi tana hawowa ta baya, ni ne na ɓoye maka ita don in wahalar da gwiwarka. Za ku kwana a gidan Donya Enkarna, ta ce za ta sauke abin da ke rataye a rufi ta kai wa ƙanwarta har ku tafi. Ruwan Kardanash yanzu gonar waken Anselmo yake fara shiga, ya ce ranar Alhamis tsohuwa ce za ta ɗaga dutsen da hannunta, shi zai tallafa daga gefe. Ya ce ta zo da ƙafa tsirara. Na ce ta sani.

Ni kuma zan shafe ofishin magajin gari da farar ƙasa, ciki da waje, ranar Lahadi, kowa yana kallo.

Kawu, maganar masallaci ban san yadda za ka yi da Si Ayyashi ba. In ka ga dama ka ce daula ta samu, tana nan da sunanta, ba ta taɓa tsayawa ba. Ba ƙarya a ciki, na riga na gwada. Ka zo da mabuɗin, Anselmo ya ce yana so ya gani, wai ya yi kama da na ɗakin gawayin kakarsa. Ka sayi takalmin roba a Orhiba. Sumba na yafe. In kuma ka ga za ka yi, na wanke kan.

Kaka, kin ce ban taɓa yi miki ƙarya ba. Na so in fara, Allah bai nufa ba. Amsar tambayarki Alhamis ce. Ki ci man shanu, ki bar farin mayafi a akwati, ki ɗauko mai furanni, don gonar wake akwai taɓo.

Wanda ya rubuta wannan, da ta farko, da ta biyu, da mai kerkeci, ba magajin gari ba ne, ba mai gemu ba ne, ƙararrawa ma ba a ba shi ba. Ni ne, Mufaddal ɗan Habiba ƙanwar Kawu, jinin dutse, yaron bunsuru. Ban buga hatimi ba, an ƙwace.

Takalmin dai arba'in da uku ne.